Lissafin da na riƙa aikawa ƙetaren kogi

Shekarun baya, lokacin ina koyar da lissafi a wata kwalejin gwamnati a unguwar Yantala da ke Yamai, na yi wani aiki da har yau in na tuna shi ban san ko dariya zan yi ko wurin ɓuya zan nema ba. Da yawanku kuna rubuto mini kuna yaba bidiyoyin darasin da nake sakawa, har wata ta ce wai kamar da waya a hannu aka haife ni. To ku gyara zama ku ji yadda aka faro.

Ni ƴar Maraɗi ce, aiki ne ya kawo ni Yamai. A lokacin na shekara goma sha ɗaya ina shaƙar alli, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ji da kaina. A ganina duk yaron da ya zauna a ajina bai gane lissafi ba, to matsalar daga gare shi take. Koyarwata kuwa da hannu take. Ina da wata doguwar rula ta katako, da ita nake bin zane a jikin allo, in buga nan, in ja can, yara suna bin bakin rular da ido. Maigidana yakan ce da za a ɗaure mini hannu ta baya, ko gaisuwa ba zan iya yi ba.

A ajin ƙarshe, ajin masu zana jarrabawar birebe ta kammala kwaleji, akwai wata ɗalibata da ke zuwa daga Kirkissoye. Iyayenta mutanen Damagaram ne, uban direban babbar mota. Shekarar da ta gabata suka yi ƙaura zuwa Yamai ana tsakiyar karatu, suka fara sauka wurin wani ɗan'uwansu a unguwarmu, shi ya sa aka rubuta ta a makarantarmu kafin su samu gida a ƙetaren kogi. Cikin wannan kai da kawo yarinya ta rasa kusan wata uku, ta zana birebe ta faɗi. Saboda haka maimaici take yi, kuma a makarantar gwamnati ba a ba mutum zama na uku a aji ɗaya. In ta sake faɗuwa sai dai makarantar kuɗi, gidansu kuwa ba su da halinta. Ita ta san da haka, ni ma na sani. Faransancinta da rauni, amma lissafi kam Allah ya ba ta, har nakan tsaya a bayanta ina kallon yadda take aiki don jin daɗi kawai. Shirinmu shi ne lissafin ya ɗauki nauyin sauran darussan.

Saura wata biyu da ƴan kwanaki a shiga jarrabawa, wata safiya mai moto, wato mai babur, ya kwashe ta a bakin gada. Ƙafar dama ta karye ƙasa da gwiwa, goshinta ya ɗan fashe. Aka ɗaure ƙafar da farin ɗaurin nan mai tauri na likita, aka ce kada ta taka ta sai bayan mako takwas. Da na je duba ta, ko gaisuwa ba mu gama ba ta riƙo gefen mayafina.

“Madam, jarrabawa fa?”

“Ke dai ki warke, ɗiyata,” na ce mata. “Karatu zai iske ki har kan gado.”

Sai da na fito na hau taksi sannan na fara tunanin yadda zan cika wannan babbar magana da bakina ya yi. Ina da aji huɗu, ina da goyo, ba ni da moto. Daga Yantala zuwa Kirkissoye taksi biyu ne, ga cunkoson gada, ga zafin nan na gab da damina wanda ko inuwa ba ta ceto. Washegari a ɗakin malamai na zauna ina kai kukana ga abokiyar aikina, wata malamar kimiyya ƴar Tawa. Ta girme ni a harkar waya nesa ba kusa ba, ko da yake a shekaru ƙanwata ce.

“Mi zai kai ki ƙetaren kogi cikin wanga zafi?” ta ce. “Kawo salular taki.”

Ta ja yatsa daga saman wayar, wasu ƴan alamomi suka sauko waɗanda ban taɓa sanin suna nan ba. Ta nuna mini ɗaya. “Ki ɗauki hoton takarda, ki buɗe shi, ki danna wanga. Za ta naɗe hoton da muryarki wuri guda, ya zama bidiyo. In kin gama ki aika wa uwar, shi ke nan.”

Muka gwada da hoton jadawalin aji. Na karanta darussan ranar Litinin, ta tsayar, ta kunna. Ga takarda, ga muryata. Kai, ashe haka muryata take? Kamar ta mai tallan kifi a bakin ruwan Goudel. Na fisge wayar na kashe, ita kuwa tana ta dariya. Amma abin ya yi aiki, na koma gida ina jin na shiga sahun ƴan zamani.

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in zana aikin ranar a farar takarda tsaf-tsaf, in rubuta lissafin duka a ƙarƙashinsa, in ɗauki hoto. Ranar farko na gwada nuni da yatsa, hoton ya riƙa tsalle, yana girma yana ƙanƙancewa, har wani lokaci ya gudu gaba ɗaya hoton bikin sunan goyona ya fito. Na zauna na yi nazari irin na masu ilimi. Sai na ɗauko jan bik ɗin da nake gyaran takardun yara da shi, na taɓa gilashin da gindinsa. Hoto bai motsa ba. Na sake taɓawa, ko gezau. Na ce yawwa, ga rulata ta samu ƙanwa. Har kirari na yi wa kaina a zuci, na ce wannan dabarar ko ƴar Tawa ba ta san ta ba.

A aji da Faransanci muke karatu, kowane layi da kowace kusurwa da harafinsu. Amma a nan na ce bari in sauƙaƙa wa yarinya, tana jinya, in yi mata da Hausa kamar ina hira da ƴar cikina. Kuma tunda abu ɗaya muke kallo ni da ita, me zai sa in wahalar da bakina da kiran haruffa? Sai in ce, “Kin ga wannan layin? To ki ɗauke shi ki raba da wannan. Ba wancan ba fa, wannan na nan. Abin da ya fito, shi za ki kawo nan.” Ina yi ina buga gindin bik a kan gilashi, ƙwas, ƙwas.

Kada ku ce ba na dubawa kafin in aika. Ina dubawa. Nakan buɗe bidiyon in ga takarda ta fito, in ji muryata tana cewa, “Salamu alaikum ɗiyata, ya jiki, ya ƙafar, ya mamanki, ya zafi,” sai in rufe da sauri. Gaisuwar kaɗai takan ci kusan minti guda, ni kuma ba na iya jure muryata fiye da haka.

Amsa takan zo daga wayar uwar bayan magariba. “Na gode Madam, na gani.” Washegari kuma sai hoton aikin da na ba ta ya iso. A nan kaina ya fara ɗaurewa.

Ba irin kuskuren da na saba gani ba ne. Yaron da bai iya lissafi ba, a tarawa da rabawa yake tuntuɓe. Ita kuwa tarawarta daidai, rabawarta daidai, rubutu tsaf. Sai dai layin da ya kamata ta ɗauka ba shi take ɗauka ba. Yau ta raba na sama da na gefe, gobe a aiki iri ɗaya ta raba na gefe da na ƙasa. Wata rana ta dace, in yi murna, jibi ta koma gidan jiya. Na jera hotunan ina neman hanyar da kuskuren ke bi, ban ga hanya ba. Shekara goma sha ɗaya ina gyaran takardu, ban taɓa ganin mai ɓata irin wannan ɓatan ba.

Na kai wa maigidana, ya ce wataƙila fuskar wayar uwar a fashe take. Na kira na tambaya, uwar ta ce wayarta lafiya lau, har fim suke kallo a ciki. Na kai wa ƴar Tawa hotunan aikin, ta ce ko dai maganin ciwo ne ke sa ta barci, ko kuma bidiyon na da tsawo rezo, wato sabis ɗin waya, na tsinke shi. Na yanka darasin gida uku. Babu canji. Na ce to sauri nake yi, na koma ina jan magana kamar mai koyar da ƴan ajin farko. Babu canji. Na ƙara murya, na ƙara ƙarfin bugun bik, ina maimaita “wannan” sau uku uku, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga wata rana ta ce, “Madam, lafiya? Da wa ake faɗa?”

Na aika wa yarinyar saƙon murya na tambaye ta ko tana ganewa. Ta ce, “Ina dai ƙoƙari, Madam.” Muryarta can ƙasa. Da mai kunne ce ni da na ji abin da ke cikin wannan amsa, amma ni abin da na ji shi ne yarinya ta fara lalaci.

A mako na huɗu ta aiko wani aiki mai sauƙi, irin wanda a aji take gamawa kafin in ajiye alli, kuma ta ɓata shi daga layin farko. Haushi da gajiya suka haɗu mini. A aji ni mai tsokana ce, yara sun san ni da haka, in na ga suna hamma nakan jefa musu magana su yi dariya su farka. Sai na danna wayar na ce, ina ƴar dariya, “Ke ɗiyata, anya ƙafar kaɗai moton nan ya buge? Ko dai kan ma ya samu rabonsa?” Na aika, na tashi na ɗora tukunya, na manta da zancen.

Na ci gaba da aika darasi, amma amsa ta daina zuwa. Kwana ɗaya, biyu, har shida. Na ce ko wayar ce ta lalace, ko uwar ta yi tafiya. Ranar Juma'a da hantsi ina tsakiyar aji wayata ta yi ƙara, na fito baranda na ɗauka. Uwar ce.

“Madam, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ki gaya wa shugaban makaranta ya cire sunanta. Ba za ta zana ba.”

“Subhanallahi! Ƙafar ce?”

“Ƙafa na warkewa. Kan ne.” Na ji tana jan hanci. “Mun kai ta likita an yi hoton kai, sun ce ba su ga komai ba. Mun karɓo rubutu tana sha. Amma ita ta san jikinta, Madam. Ta ce tun faɗuwar nan magana na shiga kunnenta amma ba ta zama. Kwana uku ke nan ba ta cin abinci sai an yi da gaske. Babanta ya kira daga hanya ya ce a bar yarinya ta huta, lafiyarta ta fi mana takarda.”

Na ce mata kada a yi gaggawa, gobe ina zuwa. Na koma aji ban san me na koyar ba. Wani gefen zuciyata yana cewa ai ga amsar da kike nema, shi ya sa kuskuren ba shi da kan gado, yarinya ta samu matsala a ƙwaƙwalwa. Wallahi har na ɗan ji sauƙi da abin ya samu suna. Wannan sauƙin da na ji yana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu har yau.

Asabar da safe na bar goyona wurin maƙwabciya na kama hanya. Gidansu ɗaki biyu ne da rumfa, a wani lungu bayan masu sayar da itace. Uwar ta tare ni da ruwan randa, muka gaisa, ta kai ni rumfar. Yarinyar na kishingiɗe a katifa, ƙafar a miƙe a kan matashi, ƴan unguwa sun cika farin ɗaurin da rubuce-rubuce. Ta rame. Ta gaishe ni ba ta ɗago ido ba.

Sai hannuna ya yi abin da ya saba. Na ciro takarda da bik daga jaka, na zauna a gefen katifar.

“Madam, kada ki wahalar da kanki,” ta ce.

“Ni ba wahala nake sha ba. Zane kawai zan yi, ke kuma ki kalla.”

Na zana mai kusurwa uku, na ja layi a cikinsa, na fara bayani ina bin layukan da bakin bik. Ban kai rabi ba na ga laɓɓanta na motsi. Na miƙa mata bik ɗin. Ta gama aikin, daidai, ba gogewa ko ɗaya. Na zana wani da ya fi shi wuya. Ta gama. Na ba ta na uku, irin wanda ake kawowa a ƙarshen takardar jarrabawa don a tankaɗe yara. Ta ɗan tsaya, ta ciji gindin bik, ta gama shi. Sai ta zauna tana kallon takardar kamar wani ne ya rubuta.

“Ikon Allah!” in ji uwar daga bakin rumfa.

Ni kuwa kaina ya ƙara kullewa. Wace irin cutar kai ce wannan da ke zuwa ranar Talata ta tafi ranar Asabar? Na ce, “Wannan na farkon fa shi ne na aiko miki a bidiyo kika kasa.”

“Madam, na bidiyo ba haka yake ba.”

“Kamar yaya ba haka yake ba? Ni na yi shi. Yaya, ba ni wayar,” na ce da uwar.

Uwar ta miƙo. Na nemo bidiyon, na danna, muka haɗa kai mu uku. Na daure na saurari gaisuwata har ƙarshe, karo na farko. Sai muryar ta ce, “To, kin ga wannan layin?” Ƙwas. Takarda na nan fara tas, ba abin da ya motsa. “Ki raba shi da wannan. Ba wancan ba fa.” Ƙwas, ƙwas. Ina ta jira bik ya shigo. Minti ɗaya, minti biyu. Wata mata dai tana ta ihu a kan hoton da ke tsaye cik.

“Ina bik ɗin?” na ce.

“Wane bik, Madam?”

“Jan bik ɗina! Wanda nake nuna miki da shi!”

Suka dubi juna. Ni kuma, malamar lissafi mai shekara goma sha ɗaya a bakin aiki, na juya na gaya wa baiwar Allah nan cewa wayarta ce ba ta da ƙarfin nuna bik. Da na ga ba ta gamsu ba, na ce to wataƙila a hanya ya ɓace, tunda rezon ƙetaren kogi ba shi da ƙarfi. Da gaske nake, jama'a, ba wasa ba. Na ciro tawa wayar don in nuna musu na asali. Na buɗe, na wuce gaisuwa. Takarda, murya, ƙwas. Na buɗe wani. Na buɗe na makon farko. Babu bik ko a ɗaya.

Na kira ƴar Tawa, na sa a amsa-kuwwa. Na ce mata wayata ta samu matsala, tana naɗar komai amma tana barin bik. Ta ce wane bik. Na yi mata bayani. Sai wata irin dariya ta fashe har wayar na karkarwa.

“Wayyo cikina! Ƴar Maraɗi, da wane ido za ta ga bik? Ba daga waje take kallon fuskarta ba kamar ke. Abin da ke cikinta take kwafewa. Ko tukunya kika aza bisa gilashin ba ta fitowa!”

“To ni da nake ganinsa fa?”

“Ke ce ke ganinsa! Akwai alƙalami cikin abin, shi ake dannawa a yi zane bisa hoton. Ban nuna miki ba?”

“Ba ki nuna mini ba.”

“Tsaya. Tun yaushe kike haka?”

“Mako biyar.”

Dariyar ta tsaya cak. Ta ce innalillahi, ta ce za ta kira ni anjima.

Ina ajiye wayar, yarinyar ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro wani littafin rubutu ta miƙo mini. Na buɗe. Kowane bidiyo da na aiko, ta rubuta maganata kalma bayan kalma. Duk inda na ce “wannan”, ta ja layi a ƙarƙashi, ta rubuta layuka uku ko huɗu da take zaton su nake nufi, ta gwada kowanne. A gefen wasu ta rubuta “ƙara babba”, a wasu “ƙara ƙarama”. Na tambaye ta ma'anarsu. Ta ce ta lura akwai wani ƙwas da ke biyo bayan maganata, sai ta yi zaton alama ce, in ya yi ƙarfi layin sama nake nufi, in ya yi sanyi na ƙasa. Shafi ya fi arba'in, da ƙaramin rubutu, tana kwance da karyayyar ƙafa cikin wannan zafi.

“Ɗiyata, me ya hana ki gaya mini?”

“Madam, ban san akwai abin da ya ɓace ba. Na ɗauka haka darasin waya yake, kowa na ganewa.” Ta sunkuyar da kai. “Kuma tunda nake, ba ki taɓa yin bayani na kasa ganewa ba. Sai na ce to ni ce. Da kika ce ko kaina ya bugu, sai na ce ashe ke ma kin lura.”

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Na yi kuka a gaban ɗalibata da uwarta, kukan kunya da na baƙin ciki. Na riƙe hannunta na ce mata kanta lafiyarsa ƙalau, ya ma fi nawa, wanda ya iya cika littafin nan ba mai ciwon kai ba ne. Na ce ni ce na yi shirme, ta yafe mini. Ta dube ni, ta dubi hoton da ke tsaye a wayar, sai ta fara dariya, tana yi tana share ido. Uwar dai na tsaye tana kallonmu, ta rasa gane ko abin murna ne ko na jaje. Daga baya ta shiga ɗaki ta fito da kwanon dambu da zogale, yarinyar ta cinye shi tas muna zaune.

Saura mako uku da ƴan kwanaki. Da yamma ƴar Tawa ta zo gidana da kanta, ta nuna mini alƙalamin, wani ɗan abu a gefen fuskar wayar da na sha gani ina ɗauka ado ne. In ka danna shi, duk inda yatsanka ya bi sai jan layi ya fito a kan hoton, kuma ya shiga bidiyon. Ta sa na yi darasi ɗaya a gabanta, ta tilasta mini na kalle shi daga farko har ƙarshe. Na dawo da haruffa, kowane layi na kira shi da sunansa. Kowace Asabar kuma na riƙa ƙetare gada, zafi ko ba zafi. Uban ya dawo daga tafiya, aka yi masa bayani, ya ce shi dai bai gane zancen bik ba, amma tunda yarinya na cin abinci kuma ita ta ce za ta zana, to ta zana. Shi ya nemo taksin abokinsa ya riƙa kai ta wurin jarrabawa da sandarta.

Amma mako biyar ba ya dawowa. Akwai babi biyu da ba mu taɓa ba sam, kuma lokacin da ya kamata ta ba Faransanci da tarihi duk ya tafi wurin farautar “wannan”. Ranar da aka kira sakamako ina tsaye a filin makarantar tare da uwar. Aka karanta sunayen waɗanda suka ci kai tsaye har aka gama, babu nata. Na zauna a kan wani dutse. Sai aka fara kiran waɗanda suka kusa, waɗanda za a ba dama ta biyu, can wajen ƙarshe muka ji sunanta. Ta koma ta sake zama, ta ci, da ƙyar. Yarinyar da na san a zagayen farko ya kamata ta wuce tana murmushi.

Ta ci gaba da karatu, yanzu ma ta yi nisa, mukan gaisa. In na tayar da zancen sai ta yi dariya ta ce, “Madam, ai ya wuce.” A wurinta ya wuce. Ni kuwa tun daga lokacin ba na aika bidiyo sai na kalle shi har ƙarshe, da muryar tawa da komai. Na kuma daina tambayar yara ko sun gane, don na ga yaron da ke girmama ka zai fi yarda kansa ne ya lalace da ya ce bayaninka ne bai fita ba. Sai dai in ce su nuna mini. Tsokana ma ina yi har gobe, amma ban ƙara taɓa kan yaro da ita ba.

Abin da na kasa gyarawa shi ne wajen uwar. Bayan sakamako ta zo har Yantala da kaji biyu da kwandon mangwaro. Na zaunar da ita na sake yi mata bayani dalla-dalla, na ce Yaya, babu abin da ya taɓa samun kan ɗiyarki, ni ce na riƙa aiko darasin da ba ya ganuwa, ni ce kuma na faɗi maganar da ta tsorata ta. Ta saurare ni har na gama, ta gyaɗa kai, ta ce, “Madam, ke dai akwai ki da sauƙin kai. Ni da idona na gani. Likita ya kasa, rubutu ya kasa, kika zo kika zauna kusa da ita, kai ya buɗe.”

Sau uku ina gwadawa a lokuta daban-daban, na haƙura. Har yau in muka haɗu a wurin biki ko suna, sai ta kamo hannuna ta ja ni cikin mata tana cewa, “Ku zo ku ga wadda ta maido wa ɗiyata hankalinta.” Su yi ta sa mini albarka, ni kuma in yi ta cewa amin, ina kallon ƙasa, don duk wurin ni kaɗai na san wadda ta ɗauke shi.